Ɗan Baba Na-gani da Bututun Mushe

A Madarumfa in ka ce kana neman Ɗan Baba, sai an tambaye ka wanne, don akwai mai nama, akwai mai facin moto, wato babur, akwai wanda ya tafi Agadas bai sake aiko da ko gaisuwa ba. Amma in ka ce Na-gani, kowa zai nuna maka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, inda wani baƙin dattijo mai faɗin kafaɗa yake zaune a kan benci da gora a jingine kusa da shi.

Sunan ya samo asali ne ran da Mushe Kabiru, sabon malamin lissafi da aka turo daga Damagaram (a nan Mushe ake ce wa malamin boko), ya fito da madubinsa na kallon sama a filin lakwal bayan sallar isha'i. Farin bututu ne mai kaurin turmi, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum, yana zaune cikin akwatin katako yana juyawa duk inda aka tura shi. Kusa da bakinsa akwai ɗan gilashi inda ake ɗora ido. A daren an saita shi a kan wata. Malamai da iyayen yara suka yi layi, Mushe yana gaya wa kowa magana guda, cewa ya rufe ido ɗaya ya leƙa da ɗayan. Duk wanda ya leƙa sai ya ɗago yana salati, yana cewa ashe wata duk ramuka ne.

Da layi ya zo kan Ɗan Baba mai gadi, ya gyara hula, ya sunkuya, ya daɗe. Sannan ya ɗago da natsuwa irin ta wanda ya saba ganin manyan abubuwa.

"Na gani," in ji shi. "Tubarkalla. Ga ramukan nan birjik."

Matarsa Habiba tana tsaye a bayansa da fitila a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, da wanne?"

Ɗan Baba ido ɗaya gare shi a duniya, na hagu. Shi ya rufe gam, ya ɗora na dama, wanda ya mutu shekara goma sha biyu da suka wuce. An yi dariya har liman ya nemi bango ya dafa, kafin gari ya waye kuwa sunan ya riga shi isa kasuwa.

A yi masa adalci, ba maƙaryaci ba ne. Shekara da shekaru ya yi yana rufe idon hagu yana saita bindiga da na dama, jikinsa ne ya riga tunaninsa. Da ya sami kansa cikin duhu, ga rabin gari a bayansa suna jira, sai kunya ta ƙarasa sauran aikin.

Gidansu gidan masunta ne, amma shi tun yana ƙarami ba ya shiri da ruwa. Ubansa ya ɗora shi kan goran kamun kifi a tabkin garin sau uku, sau uku yana dawowa ba kifi, da leɓe a fashe, don ya tsaya dambe da ƴaƴan wasu a bakin gaɓa. Ya girma yana bin filayen dambe lokacin kaka, daga Safo har Sarkin Yamma. An karya masa hanci sau biyu, shi ma ya zubar da haƙoran da ba a ƙirga ba. Da ƙashi ya fara nauyi ya koma farauta, da ɓarayin shanu suka matsa wa ƙauyukan kan iyaka ya shiga cikin masu sintiri. Can ya bar idonsa. Sun tare ɓarayi a wani kwari da asuba, ya cika bindigarsa ta gargajiya da albarushi fiye da ƙima don haushi, ya ja kunama, ta fashe ta baya. Ƙarfe ya tsaga masa kunci har gira. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce yana kwance cikin jini, rabin fuskarsa a buɗe, yana tambaya ko ya sami mutumin. Bai same shi ba. Jakin wani bawan Allah ya samu.

Bayan ya warke aka ba shi gadin lakwal, aikin da Habiba ta ce shi ne na farko da ya taɓa yi wanda ake dawowa gida jinin mutum duka yana cikin jikinsa.

Abin da mutane ba su sani ba, washegarin ranar dariya, da filin ya watse, Ɗan Baba ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin Mushe yana ta gyaran murya, har Mushe ya gane ya fito da bututun. A ranar ya ga ramukan da gaske. Daga nan suka ɗinke. Mushe siririn saurayi ne mai tabarau, ba shi da kowa a garin, ba ya zuwa majalisar shayi, gaisuwarsa ma gajera ce, abin da a Madarumfa ake ɗauka ko girman kai ko rashin lafiya. Fitilun kan titi suna hana shi ganin abin da yake nema, saboda haka a dararen da babu wata sukan ɗora bututun a amalanken jakin Ɗan Baba, su wuce lambuna su tsaya a wani fako kusa da tabki. Mushe yana riƙe da cocila da ya naɗe bakinta da jar leda, don farin haske yana kashe ido, da ɗan littafi da yake rubuta lokaci da lambobi.

A can ya nuna masa abin da ya fi so a duk sama. Akwai taurari bakwai ta arewa masu siffar ludayi. In ka bi mariƙin har tauraron ƙarshe, ka goce kaɗan, akwai wani abu da Mushe yake kira galaksi. Ya ce garke ne na taurari, sun fi yashin gulbi yawa, a naɗe suke kamar faifai, suna da nisan da hasken da ke shiga idonka yau ya baro gida fiye da shekara miliyan ashirin. Ɗan Baba ya ce to Allah ya huta gajiya. Ya leƙa, da na hagu, bai ga komai ba, kuma wannan karon ya faɗi gaskiya. Mushe ya ce ya yi haƙuri, abu biyu take so. Sai ido ya jiƙa cikin duhu gwargwadon dahuwar shayin farko, sannan ba a kallonta kai tsaye. In ka zuba mata ido sai ta ɓace, in ka kalli gefenta sai ta fito. Ɗan Baba ya gwada. Can sai ga ta, kamar an hura hayaƙi a kan baƙin zane, a murɗe, da wata ƴar ƙarama a manne da ita. Ya mayar da ido kanta, ta ɓace. Ya kawar, ta dawo.

"Wagga ai suruka ce, Mushe," ya ce. "Haka nake kallon uwar Habiba shekara ashirin da shida."

Ruwan farko na bara ya sauka da ƙarfi, kowa ya fita shuka. A daren kwana na huɗu ɓarayi suka shigo wani ƙauye kudu da tabki a kan babura, ƙauyen da ƙanwar Ɗan Baba take aure. Sun san gidan da shanun noma suke, ba su yi lalube ba. Ɗanta na fari, Tanko, ya fito ya riƙe igiyar sa ya ƙi saki. Suka sare masa hannu da adda, da ya riƙe da ɗayan suka harbe shi a wuya. Suka kora shanu goma sha ɗaya, suka tafi da mata biyu. Ɗan Baba ne ya yi wa Tanko wanka. Sai da ya ɓamɓare zaren igiya daga cikin yatsunsa.

A wurin zaman makoki maganar ta tashi, ba wanda ya san bakin da ya fara ta. An ce ɓarayi ba sa zuwa sai da ɗan gari. An ce akwai wani baƙo da ke fita bayan gari da bututu, yana kunna jar wuta yana kashewa, yana rubuta lambobi. Wani ya rantse cewa da bututun ana hango turken shanu daga tafiyar yini. Ɗan Baba ya ji da kunnensa, ya ce musu bututun arewa yake kallo, ɓarayi kuwa daga kudu suka zo. Aka ce ai wayon ke nan. Aka kuma tuna masa cewa shi ne ya ga ramuka da mataccen ido, shaidarsa ba ta da nauyi. Bala, ƙanen Tanko, yana wurin. Kwana uku bai yi kuka ba, bai ci abinci ba, yana zaune yana kallon ƙasa.

Ran sadakar uku Ɗan Baba ya dawo gida bayan isha'i, ko takalmi bai cire ba Habiba ta tare shi. Ta ce Mushe ya zo ya ari amalanke tun magariba, wai ruwa ya wanke sama, ba a samun irin wannan daren sau biyu. Ta ce kuma matar mai sayar da esansi, wato fetur, a bakin tasha ta gaya mata Bala ya sayi kwalba biyu, alhali ba shi da moto.

Mutum mai shekara sittin da ɗaya ba ya gudu da kyau, amma ya yi. Tun daga lambuna yake hango fitilu suna rawa a fakon. Sun kai talatin, da gorori da adduna da waya a hannu. Jaki ya tsinke ya gudu. Bututun yana nan a tsaye, an loma masa gefe da gora, ƙaramin madubin da ake saiti da shi ya karye yana lilo. Mushe yana ƙasa. An taka tabaransa, an farfasa masa hannun dama da dutse don ya faɗi sunan waɗanda yake yi wa aiki, bakinsa jini ne zalla, yana ta maimaita cewa taurari ne, taurari ne. An riga an zura masa tayar moto a wuya. Warin esansi ya cika wurin.

Ɗan Baba bai tsaya sallama ba. Na farko da ya tare shi ya sha gwiwar hannu a maƙogwaro, na biyu ya sha kai a hanci, irin na da. Sai gora ta sauka masa a kunnen dama, ya ji wani abu ya fashe a ciki kamar an taka ƙwarya. Wata gorar ta tsaga masa gira, ta saman ido mai rai. Ya faɗi a kan gwiwa, ya rarrafa sauran taku uku, ya ɗaga tayar, ya zura kansa a ciki kusa da na Mushe. Taya ɗaya, wuya biyu, kunci a manne da kunci. Gorori suka tsaya a sama.

"Kawu, fito," in ji Bala. Ashana tana hannunsa.

"Ƙyasta," in ji Ɗan Baba. "Sannan in ka gama, sai tahiya. Ka tahi ka gaya ma uwarka ɗanta da wanta duk cikin sati guda."

"Kawu, wanga mutum shi ya sayar da Tanko."

"Ni na wanke Tanko, ba kai ba. In na san wanda ya sayar da shi, ba ka riga ni gare shi."

Daga nan, cikin tayar, jini yana bin hancinsa, ya yi musu tayi. Ya ce ga bututu nan, babu wanda ya ɗauke shi. Zai saita shi inda Mushe yake saitawa kullum, kowa ya leƙa. In turken shanu suka gani, ko ba su ga komai ba, shi da kansa zai dawo cikin tayar. Sharaɗi ɗaya ne, a kashe duk fitila da waya, a zauna a jira. Aka yi ca, aka ce dabarar gudu ce. Ya ce a ɗaure ƙafar Mushe da igiya, Bala ya riƙe bakinta. Mutumin da ko tashi zaune ba ya iyawa, haka aka ɗaure shi.

Fitilu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mutum talatin da suka zo ƙona mutum suka zauna a kan jiƙaƙƙen fako suna jiran idonsu ya nuna. Kwaɗi suna ta kuka a tabki. Ba a jin komai sai su, da numfashin Mushe mai kama da zarto. Wani ya laluba aljihu zai kunna sigari, na kusa da shi ya ji ƙarar kwali ya kwaɗa masa mari, don duk sun jiƙe da warin man. Wani ya yi tari. Wani daga baya ya tambaya a hankali ko an ga takalminsa.

Ɗan Baba yana tsaye a gindin bututun. Bai taɓa saita shi da kansa ba, Mushe ne mai yi. Ga madubin saiti ya karye, ga jini yana cika masa ido da zarar ya share, ga esansi yana ci masa fatar ido kamar barkono. Ya cire hularsa ya danne girar da ita. Ya nemi ludayin, ya same shi ya karkata. Ya bi mariƙin har ƙarshe. Sannan ya kwantar da kuncinsa a jikin bututun ya bi tsawonsa da ido, yadda ake bin bakin bindiga, a karo na farko a rayuwarsa da idon hagu. Ya leƙa, taurari ne kawai. Ya tura kaɗan, babu. Ya dawo ya sake. A bayansa an fara motsi, wani yana cewa dattijon nan wasa yake da hankalinsu. A karo na biyar, yana kawar da ido don ya share jini, sai ga ta a gefe.

Ya kira Bala. Bala ya zo da igiya a hannu ɗaya, ashana a ɗayan, ya sunkuya.

"Babu komi."

Mutane suka miƙe tsaye. Aka ji ƙarfe ya gogi ƙarfe.

"Ina kake kallo?" in ji Ɗan Baba.

"Tsakiya."

"Kai, haka kake zuba ma surukarka ido? Wa ya yi maka tarbiyya? Kalli gefe, ka bar ta ta gan ka."

Wani ya yi dariya bai shirya ba, ya haɗiye ta. Bala ya kawar da ido gefe. Ya daɗe a sunkuye, har igiyar ta yi sako-sako a hannunsa. Da ya yi magana, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. Ya ce akwai wani abu kamar faifai, da ɗan ƙarami kusa da shi. Can ya ce yana guduwa. Daga ƙasa, ta cikin fasasshen baki, Mushe Kabiru ya ce ba shi ke gudu ba, duniya ce ke juyawa, a tura bututun yamma kaɗan. Malami dai malami ne ko da taya a wuya.

Ɗan Baba ya tura. Bala ya sake leƙawa, sannan ya ja da baya ya zauna a ƙasa, ya sa kai tsakanin gwiwoyi, kukan kwana uku ya zo masa gaba ɗaya, yana kiran sunan wansa. Ba wanda ya san abin da zai yi da shi. Sai wani ya matso ya ce shi ma a ba shi ya gani, na bayansa ya ce shi ya riga shi, kafin a ankara an yi layi, kowa ya ajiye gora don bututun yana son hannu biyu a baya. Waɗansu sun gani, waɗansu sun ce sun gani. Wani mai taurin kai ya ce wannan bai nuna ba a kallon shanu da shi. Ɗan Baba ya kwantar masa da bututun ya fuskanci kudu, ya leƙa ya ga baƙi ƙirin, ya ce to. A lokacin ashanar tana aljihun Ɗan Baba, shi ma bai tuna sa'ad da ya zare ta ba.

Su suka cire tayar. Da yake jaki ya gudu, su suka ja amalanken da hannu har likita, Mushe a kwance a kai, bututun a gefensa, Bala a gaba yana riƙe da sandunan. Da safe jandarma suka ɗauki bayanin kowa, aka tsare waɗansu. Mushe ya rayu. Yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, da hagu ya ƙarasa shekarar yana rubutu a allo, da aka yi hutu kuma ya tafi Damagaram bai dawo ba. Ba wanda ya ga laifinsa. Matan nan biyu sun dawo bayan wata biyu, shanun ba su dawo ba, wanda ya nuna gidan kuma har yau Allah kaɗai ya san shi. Bututun yana ɗakin mai gadi da lomarsa a gefe, an rufe shi da tsohon zanen Habiba. A dararen da babu wata Ɗan Baba yakan fito da shi, Bala yakan zo wani lokaci, su leƙa tare.

Kunnen dama bai sake ji ba. Habiba ta ce da alama rabi-rabi ake karɓar mijinta, tana roƙon a bar mata ɓangaren hagu. Sunan kuwa bai goge ba. Ran kasuwar da ta wuce yana tsaye wurin masu soya kifi, ga samari a zaune, cikinsu har da waɗanda suka riƙe gora a fakon. Ɗaya ya leƙo, ya rufe ido ɗaya da yatsa, ya ce, "Baba Na-gani, yau kuma mi aka gani da na daman?"

Ɗan Baba ya juyo da kunnen da ke ji, ya sa aka maimaita masa. Ya ɓare kifinsa, ya cire ƙaya a tsanake.

"Ɗana, ni dai ran da na ce na gani, ba a kai kowa likita ba."